Ta Fita Ta Fitsari Ko Ta Zauna Ta Yi Aiki? Muhawara Kan Ƙwayoyin Nano da Ƙodar Mai Ciwon Daji

Mai ciwon daji daga Toranke ko Kademi, idan likita a Babban Asibitin Gaya ya rubuta masa takardar tafiya Kano, abu biyu ne a ransa: kuɗin mota da kuɗin hoto. Ya bi ta Wudil, ya isa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko cibiyar kansa da ke Giginyu, a kwantar da shi cikin na'ura, a ɗura masa wani ruwa a jijiya domin ƙarin da ke jikinsa ya fito sarai a hoto. An gama, ya mayar da rigarsa. To, ruwan nan ina ya tafi? Da wuya ka ji majiyyaci ko ɗan jinya ya tambaya. Amma a kan wannan tambayar masana suka rabu gida biyu game da wani rukunin magunguna da ke ƙara shigowa harkar hoton kansa da maganinta, wato ƙwayoyin nano.

Ƙwayoyi ne da ake ƙerawa daga zinare, ko ƙarfe, ko sinadarin yashi, ko kitse, ƙanƙantarsu ta wuce abin da ido zai gani ko da madubin likita na ɗakin gwaji. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Silin gashin kai ɗaya kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000. Waɗannan ƙwayoyin kuwa daga nanomita 2 suke zuwa ɗari da 'yan kai. Wasu ana loda musu maganin kansa su kai shi inda ake so, wasu suna haska ƙari a hoto, wasu kuma suna ƙara wa gashi, wato ƙona kansa da hasken na'ura, ƙarfi a cikin ƙarin.

Girman nasu shi ke yanke hukuncin inda za su ƙare. Ƙoda rariya ce: kowace ɗaya tana da ƙananan matatai kusan miliyan guda, su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a rana, su mayar da kusan dukansa jiki, abin da ke fita fitsari kimanin lita ɗaya da rabi ne. Abin da ya fi ramin rariyar ƙanƙanta ya wuce, abin da ya fi shi girma ya tsaya a jini. A 2007 Hak Soo Choi da John Frangioni a Boston, tare da Moungi Bawendi wanda daga baya ya samu kyautar Nobel ta 2023, suka auna wannan iyakar a jikin ɓeraye. Suka ga ƙwayar da ba ta kai nanomita 5.5 ba tana fita ta fitsari da sauri. Wadda ta ɗara haka da yawa, hanta da saifa ne ke kama ta, kuma idan ba mai narkewa ba ce tana iya yin watanni a can. Sun kuma gano cewa rigar da aka sa wa ƙwayar tana da nata tasiri, domin furotin ɗin jini yakan manne wa wata rigar har ƙaramar ƙwaya ta kumbura ta kasa wucewa.

Ɓangaren farko na muhawarar ya ce: duk abin da ka zuba wa mutum a jini, in ba jiki zai narkar da shi ba, to wajibi ne ya zama yana da ƙofar fita, kuma ƙofar da aka fi sani ita ce ƙoda. Hujjarsu mafi nauyi tarihi ne. Daga wajejen 1930 zuwa shekarun 1950, likitoci a Jamus, Japan, Amurka da wasu ƙasashe sun yi ta amfani da wani ruwa mai suna Thorotrast wajen ɗaukar hoton jijiyoyin jini. Hoton yana fita da kyau ƙwarai, majiyyaci kuma ya tashi lafiya lau ya tafi gida. Ashe ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ruwan ba sa fita. Suna taruwa a hanta da saifa da ɓargo, suna fitar da tururin nukiliya a hankali. Sai bayan shekara 20 zuwa 30 aka fara ganin kansar hanta da ta jini a jikin waɗanda aka yi wa allurar. Likitan da ya yi allurar sau da yawa ya riga ya bar aiki kafin illar ta bayyana.

Mu a Arewa ba baƙi ba ne ga abin da ƙarfe ke yi idan ya zauna a jiki. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400. Masu wannan ra'ayi suna tuna mana cewa ƙwayoyin da Choi ya gwada kansu da kadmiyom aka yi su, ƙarfen da aka san yana lalata ƙoda, shi ya sa tun farko damuwarsu ita ce yadda za a fitar da su.

Kuma ba baki kawai suke yi ba, sun ƙera abin da suke faɗa. Ulrich Wiesner na Jami'ar Cornell da Michelle Bradbury ta asibitin kansa na Memorial Sloan Kettering a New York sun yi ƙwayoyi daga sinadarin yashi masu girman nanomita 6 zuwa 7, aka gwada su a kan mutum biyar masu kansar fata, sakamakon ya fito a 2014: ƙwayoyin sun bi ta ƙoda sun fita. Jie Zheng a Texas ya yi na zinare masu kimanin nanomita 2.5, fiye da rabinsu suka fita a fitsarin ɓeraye cikin awa 24. A Faransa akwai AGuIX, ƙasa da nanomita 5, wadda ke haska ƙari a hoton MRI ta kuma taimaka wa gashi, an gwada ta a Grenoble a kan masu kansar da ta bazu zuwa ƙwaƙwalwa.

Akwai wata hujja da ta fi dacewa da mu fiye da su can. Abin da ya zauna a hanta yana buƙatar bibiya ta shekaru. Wa zai bibiyi manomi daga Kunkurawa wanda ya sayar da bijimi kafin ya iya zuwa Kano sau ɗaya? Da yawa ba sa komawa ranar da aka ce su dawo, wasu sun canza lambar waya, wasu katin asibitin ya ɓata. Inda bibiya ke da wuya haka, abin da zai fita cikin kwana ɗaya ko biyu ya fi kwanciyar hankali. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma da a nan muhawarar ta tsaya da na ce an gama.

Ɓangare na biyu ya fara da abin da kowa zai gane: abin da ya fita da wuri bai samu lokacin yin aiki ba. A 1986 Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda a Japan suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ke cikin ƙari suna yoyo, manyan ƙwayoyi suna sulalewa ta nan su maƙale. Sai dai abin yana son lokaci, sai ƙwayar ta yi ta zagaya jini tukuna. Maganin nano na farko da ya samu karɓuwa sosai, Doxil, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995 domin kansar Kaposi da ke kama masu cutar ƙanjamau, girmansa ya kusa nanomita 100, kuma an yi shi da gangan don kada ƙoda ta tace shi. Yana kwana biyu zuwa uku a jini kafin rabinsa ya ragu. Ribar da aka samu ita ce maganin da ke cikinsa, wanda aka san yana raunana zuciya, ya rage yi wa zuciya illa, ko da yake ya zo da tasa matsalar ta kumburi da saɓar tafin hannu da ƙafa. Haka Abraxane na 2005, nanomita 130 ne. Har yau yawancin magungunan nano da ake bai wa masu kansa a duniya manya ne irin waɗannan. Masu fita ta fitsari kuwa galibinsu suna matakin gwaji.

Wasu ma zaman shi ne aikinsu. Ƙwayoyin hafniyom da Turai ta amince da su a 2019 da sunan Hensify, kai tsaye ake tsira su cikin ƙarin, su zauna a wurin, duk ranar da aka yi gashi su ƙara masa zafi daga ciki. A gwajin da aka yi kan wata kansar tsoka, waɗanda ƙarinsu ya mutu kusan gaba ɗaya sun kai kashi 16 cikin ɗari, a kan kashi 8 na waɗanda aka yi wa gashi kaɗai. Game da Thorotrast kuwa, amsarsu ita ce tururin nukiliya ne ya yi kisan, kuma rashin adalci ne a ɗora laifinsa a kan kitse ko ƙarfen da jiki ya san yadda zai sarrafa.

Ɓangaren farko yana da martani a nan. A 2016 Warren Chan na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa suka tattara binciken shekara goma da aka yi kan dabbobi, suka ga a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal na abin da aka ɗura yake isa ga ƙarin. Ragowar fa? Yawancinsa hanta da saifa. Wato an bar abu ya daɗe a jiki domin ɗan abin da bai kai kashi ɗaya ba. Masu kare manyan ƙwayoyi sun ce maganin kemo na yau da kullum ma abin da ke isa ƙarin kaɗan ne, kuma a kan lafiyar majiyyaci ake auna magani. Wannan gardama har yanzu ba ta mutu ba.

Amma hujjar ɓangare na biyu da ta fi tsaya mini a rai wata ce dabam. Duk alƙawarin cewa ƙwaya za ta fita ta fitsari an gina shi ne a kan zaton ƙodar tana aiki. Ɓerayen ɗakin gwaji matasa ne masu lafiyayyar ƙoda. Mutanen da ake zaɓa a gwajin farko ma sai an tabbatar ƙodarsu lafiya take kafin a ɗauke su. Idan ƙofar ta toshe fa?

An riga an ga amsar da gadoliniyom, ruwan da ake ɗurawa a hoton MRI tun 1988. Shi ba ƙwayar nano ba ne, amma dabararsa ɗaya ce da tasu: ƙarfe ne mai guba da aka ɗaure cikin wani sinadari domin ya fita ta ƙoda kafin ya kwance. A jikin mai lafiya rabinsa yana fita cikin kamar awa ɗaya da rabi. A jikin wanda ƙodarsa ta gaza yana iya wuce awa 30, kuma a wannan zaman ƙarfen yakan kuɓuce. Daga 1997 aka fara ganin wata baƙuwar cuta a jikin masu wankin ƙoda: fata ta yi tauri, gaɓoɓi su sandare, wasu su mutu. Sai 2006 wani likita a Ostiriya, Thomas Grobner, ya danganta ta da gadoliniyom. An yi kusan shekara tara ana ɗura wa mutane kafin a gane. Amurka ta sa gargaɗi mai tsanani a 2007, a 2014 Tomonori Kanda a Japan ya nuna alamun ragowarsa a ƙwaƙwalwa, a 2017 Turai ta dakatar da wasu nau'o'insa. Sababbin nau'o'in da ake amfani da su yanzu haɗarinsu kaɗan ne ƙwarai, kada wanda aka rubuta wa hoto ya tsorata ya ƙi zuwa. Abin da ya kawo ƙarshen cutar kusan gaba ɗaya shi ne canza nau'i da kuma auna ƙoda kafin allura.

Yanzu a dubi ƙodar da za ta karɓi wannan aiki a Gaya da Ajingi. Hawan jini da ciwon suga suna cin ƙoda shiru, mutum bai sani ba. Manomi ya yini a gona cikin zafin bazara da ɗan ruwan da bai kai ya kawo ba, da yamma ya biya kemis a haɗa masa maganin gajiya, wanda sau da yawa akwai diklofenak ko ibufurofen a ciki, kuma waɗannan shan su kullum yana cutar da ƙoda. Ga jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba. Ga sikila. Ga tsargiya da yara ke ɗauka a kududdufi da bakin kogi, wadda in ta daɗe takan ƙuntata hanyar fitsari, takan kuma jawo kansar mafitsara. Kogin da ya ratsa Wudil, in ka bi shi gabas zuwa Haɗeja da Gashuwa, ka shiga yankin da ciwon ƙoda ya yi ƙaurin suna har gwamnatin Yobe ta sa aka yi bincike a kansa.

Sannan kansar ita kanta. Hukumar binciken kansa ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sababbin masu kansa kimanin 128,000 a Najeriya, kusan 80,000 suka mutu, kuma kansar mama da ta furostet da ta bakin mahaifa su ne kan gaba. Biyun ƙarshe a bakin hanyar fitsari suke zaune. Kansar bakin mahaifa in ta yi nisa takan matse bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsarin ya koma baya, ƙodar ta kumbura. Mutanenmu kuwa sai abu ya yi nisa suke zuwa asibiti, bayan an gama da mai magani da mai sakiya. Maganin kemo da aka fi haɗawa da gashi a wannan kansar, sisfilatin, shi ma sananne ne wajen taɓa ƙoda. Ke nan wadda ta fi buƙatar hoton ita ce wadda ƙofar fitarta ta fi yiwuwar kasancewa a rufe.

A nan ne masu ra'ayi na biyu suke fitowa da baƙin ƙarfe. Ƙwayar ferumoksitol, mai girman kusan nanomita 30, an amince da ita a Amurka a 2009 domin ƙara wa masu ciwon ƙoda jini. Ba ta bin fitsari ko kaɗan. Hanta da saifa su kama ta, su narkar da ita, ƙarfen ya shiga taskar da jiki ke yin jini da ita. Likitocin hoto suka lura tana haskawa a MRI, suka fara amfani da ita ga waɗanda ake tsoron ba wa gadoliniyom. (Tarihin baka na Kano ya ce maƙeran Gaya ne suka fara zama a Dala wajen neman tama. Ban ga laifi ba idan jikokinsu suka ji daɗin cewa ƙarfe ne ya zo da mafita a wannan gaɓar.) Akwai kuma Magtrace, ruwan ƙarfe da aka amince da shi a Amurka a 2018, wanda ke nuna wa likitan tiyata kaluluwar da kansar mama za ta fara tsallakawa cikinta, ba tare da buƙatar kayan nukiliya ba. Ga asibitin da ba shi da sashen nukiliya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ƙarfen ma ba a ba shi kyauta ba. A 2015 hukumar Amurka ta sa wa ferumoksitol gargaɗi mafi tsanani bayan rahoton mutum 79 da jikinsu ya yi mummunan bore nan take, 18 daga ciki suka mutu. Aka ce a riƙa ɗura shi a hankali cikin aƙalla minti 15, a sa wa majiyyaci ido na rabin awa bayan an gama, da kayan ceto a kusa. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini kuwa ƙarfe ya riga ya yi masa yawa, ƙara masa wani cutarwa ce.

Wani zai ce duk wannan gardamar masu ƙoshi ce, tunda a nan ana fama ne da kuɗin gwajin ƙari da layin gashi a asibitin Shika. Akwai gaskiya a ciki. Amma magunguna suna tsufa su yi araha, Indiya ta daɗe tana yin irin Doxil, kuma masu neman inda za su yi gwaji suna son wurin da majiyyata suke da yawa. Kano ta san wannan. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a kan yara, 200 suka shiga gwajin, 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75. Gara a san tambayar da za a yi tun kafin mai kaya ya iso.

Ni dai ga inda na tsaya. Hoto da magani ba ma'auni ɗaya ake musu ba. Wanda aka kwantar domin hoto, wataƙila a ƙarshe a ce ƙarin ba na kansa ba ne, yana da shekara talatin ko arba'in a gabansa. Ba shi da dalilin ɗaukar zinare ko wani ƙarfen da ba ya narkewa a hantarsa saboda hoton rabin awa. A nan ina tare da ɓangaren farko, da ƙarin cewa narkewa ma fita ce. Wanda kuwa kansa ta riga ta kama shi, ake neman ceto ransa, zaman ƙwaya a cikin ƙarin da za a yanke a fitar abu ne da hankali zai ɗauka, muddin an gaya masa da Hausar da yake ji.

Inda na saɓa wa ɓangaren farko shi ne yadda suke faɗin "tana fita ta fitsari" tamkar sifa ce ta ƙwayar ita kaɗai. Rabin maganar a jikin majiyyaci yake. Duk kamfanin da ya kawo wa NAFDAC irin wannan kaya, ko mai binciken da ya je gaban kwamitin ɗa'a na asibitin koyarwa, ya kamata a tambaye shi: nawa ke fita a kwana ɗaya, nawa ke saura bayan wata shida, a ina yake saura, kuma me kuka gani a jikin wanda ƙodarsa ke aiki da ƙasa da kashi 30 cikin ɗari? In ba su gwada ba, su rubuta a jikin takardar cewa ba su gwada ba. Kuma a tuna ƙwayar da ke bi ta ƙoda tana gogar bututunta a hanya, wasu sukan ɗan maƙale a can, don haka lafiyar ƙodar bayan allura ma abin aunawa ce.

Gwajin da ake buƙata ba sabo ba ne. Kiriyatinin ne a jini da furotin a fitsari, abin da ɗakin gwajin babban asibiti irin na Gaya zai iya yi in akwai kayan aiki da wuta. Yana da iyakarsa: kiriyatinin ba ya tashi sosai sai ƙoda ta yi asarar kusan rabin ƙarfinta, kuma a jikin wanda kansa ta ramar yakan fito ƙasa, ya nuna kamar komai lafiya, domin daga tsoka yake fitowa. Sai an haɗa da shekaru da nauyin mutum an yi lissafi. Kwanan watan da ke kan takardar ma abin dubawa ne. Matar da aka auna a Gaya aka ba ta ranar hoto a Kano bayan mako shida, in kansar bakin mahaifa ce ke damunta, bututun fitsarinta yana iya toshewa a tsakanin, sakamakon da ta riƙo a jaka ya zama na wata ƙodar da ba ita za ta karɓi allurar ba. Irin wannan sai an sake auna ta a makon da za a ɗura mata ruwan.